Awa 11 a sama: inda aka kwana tsakanina da tashin zuciya

'Yan'uwa masu koyon tuƙin ƙaramin jirgi, yau littafin tashina ya nuna awa 11 da minti 20, kuma tashi huɗu ke nan a jere ban taɓa ledar amai da ke aljihuna ba. Na rubuto ne saboda na san a cikinmu akwai masu fama da wannan abu, suna ɓoyewa.

Darasina na farko da ƙarfe biyun rana aka yi shi, cikin watan Afrilu, a Cessna 172, ga shi ban ci komai ba wai don kada na yi amai. Kun san zafin Kano a bazara. Ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi tana hawa sama gungu-gungu, jirgin sai cilli yake da mu kamar Adaidaita Sahu a titi mai ramuka. Da hamma abin ya fara. Sai yawu ya cika min baki, zufa mai sanyi ta keto a goshi, na ji belun kunnen ya matse min kai. Kunya ta hana ni magana har mai afkuwa ta afku. Da muka sauka Kyaftin, malamin da ke koya min, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ƙanena, da tun a hammar farko ka gaya min, da mun daidaita jirgi mun buɗe maka iska." Wannan magana ta tsaya min a rai, domin rannan har na fara tunanin haƙura da burin gaba ɗaya.

Shi ya fahimtar da ni tushen abin. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu ruwa da ke jin juyawar kai. Idan ka ƙura wa agogunan jirgi ido, ido na cewa zaune kake lafiya, kunne na cewa ana juyi da kai, to wannan saɓanin ne ke tayar da zuciya. Ni kuwa a lokacin idona ba ya barin agogon tsayi, don tsoron kada na sauka daga ƙafa 3,500 da aka ce na riƙe.

Sai muka sauya tsari. Tashi ya koma ƙarfe bakwai na safe kafin ƙasa ta yi zafi, minti talatin kacal. Nakan karya da burodi da shayi mai citta, ƙosai kam na ajiye shi sai an sauko, saboda mai. Amma abin da ya fi yi min aiki shi ne mayar da ido can inda sama ta haɗu da ƙasa, da kuma karɓar sitiyari da hannuna. Da zarar ni ke karkata jirgin, jikina ya san juyin na zuwa, ba ya firgita. Direban mota ma ai da wuya ka ga ya yi amai, fasinjan baya ne ke wahala.

Sau biyu na koma baya. Na farko, kuɗi suka yanke na yi mako shida ban tashi ba, sabon da jiki ya yi ya gudu. Na biyu hazo ne: makon jiya Dutsen Dala ma da ƙyar muke hango shi, sama da ƙasa duk sun zama fari ɗaya, ido ya rasa madogara. Na ji hammar ta zo, nan take na ce, "Kyaftin, ta fara." Muka miƙe tafiya, na juyo iskar kan fuskata, na ja numfashi a hankali, ta lafa.

Maganin tafiya na kemis kuwa, don Allah kada ku sha sai da izinin likitan matuƙa, domin yawancinsu na sa barci. Kyaftin ya kuma ba ni labarin Chuck Yeager, Ba'amurken da ya fara zarce gudun sauti a 1947, shi ma da amai ya fara.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga juyi mai tsanani da jirgi ke karkata digiri 45, inda nauyin jiki ke ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Na roƙi Kyaftin mu yi biyu kawai, hagu da dama, mu dawo gida.