"No doubt" ba kullum take nufin "babu shakka" ba

Daren jiya ƙanwata mai shirin jarrabawar WAEC ta kawo mini littafinta, ta ɗora yatsa kan wannan jimla: "No doubt he has forgotten." Ta ce, "Yaya, babu shakka ya manta ke nan ko?"

Na ce ta dakata tukuna. Ni ma na daɗe ina fassara ta haka. Amma idan Bature ya jefa "no doubt" a farkon magana, sau da yawa zato ne mai ƙarfi yake yi, kamar mu ce "da alama" ko "ina kyautata zaton". Bai gani da idonsa ba. In yana so ya kafe a kan magana, sai ya ce "without a doubt" ko "there is no doubt that". Waɗannan ne suka yi daidai da "ko shakka babu" tamu.

Wadda ta fi burge ni ita ce irin su "No doubt she works hard, but..." Yabo ne na share fage, kamar "tana ƙoƙari kam, amma fa...". Ƙanwata ta ɗauki jan biro ta zagaye "but" ɗin, ta ce gobe za ta nuna wa ƙawayenta a aji.