Godiya ga duk wanda ya sa hannu: Ford ɗin 1930 ta hau titi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Motar nan da ta shekara biyu da wata biyar a garejin gida, Ford ƙirar Model A ta 1930 mai ƙofa biyu, ta cika mil 500 na gwaji ranar Asabar da ta wuce. Ba ɗigon mai, lagireto bai tafasa ba. An yi 'yar walima, amma rugugin salansa bai bari mun gode wa kowa yadda ya kamata ba. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa muka rubuto. Ba za mu kama suna ba, don yawancin mutanen nan ba sa so. Kowa zai gane kansa a aikin da ya yi.

'Yan uwa na gida da ke tambayar wace irin mota ce wannan mai injin a waje, ita ce Amurkawa ke kira hot rod. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara abin a shekarun 1930. Sai su sami tsohuwar Ford, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Model A ta fito daga kamfani da injin mai silinda huɗu, ƙarfin doki 40. Yanzu Chevrolet 350 ne a cikinta, mai silinda takwas, lita 5.7. Duk wahalar aikin daga wannan ratar ta taso.

Godiyar farko ta Malam mai walda ce. Shasin Model A ƙarfe ne mai buɗaɗɗen gefe kamar harafin C, kuma yana murɗewa. Dole a toshe buɗaɗɗen gefen da farantin ƙarfe mai kaurin inci 1/8 ya koma kamar akwati. Matsalar ita ce zafin walda yana jan ƙarfe, wanda ya zuba dogon layi a gefe ɗaya zai tashi da shasi a karkace. Malam ya sa aka ɗaure shasin a kan teburin ƙarfe, aka auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa har awon biyu suka zo ɗaya. Sannan ya riƙa ɗinki inci ɗaya a hagu, ya tsallaka dama, ya jira ƙarfen ya huce har hannu ya iya taɓawa. Aikin da muka yi wa lissafin yini guda ya ci kwana uku. Shi ne kuma ya kwashe gwangwanayen feshin wanke birki daga wurin, domin mai sinadarin kulorin idan ya haɗu da wutar walda yana fitar da iska mai kisa. Allah ya saka masa da alheri.

Dattijon da ya tsayar da mu ana shirin ɗora bodi, mun gode, Baba. Lambar Model A tana kan injin, an kuma buga ta a saman shasi ta gefen hagu, daidai inda bodi ke rufewa. Tunda an cire tsohon injin, lambar shasin kaɗai ta rage shaida. Da an ɗora bodi kafin jami'in tantancewa ya gani, sai an sake ɗaga shi kafin a sami rajista.

Babbar jarrabawar aikin nan injin ne, kuma a nan bashin godiya ya fi nauyi. An haɗa shi bisa ƙa'ida. An faɗaɗa ramukan silinda da inci 0.030, an auna tazarar manyan mital, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, ta fito inci 0.0025, bakin ringin sama inci 0.018, an ɗaure kusoshin kan injin zuwa 65 lb-ft a zagaye uku, daga tsakiya zuwa gefe. Duk da haka kamshaf ɗin farko, wato kam, sandar nan mai tozo-tozo da ke buɗe bawul, bai kai mil 40 ba ya cinye.

Laifin namu ne, kuma kashi uku ne. An saka dilko, mai raba wa filogi wuta, a juye da rabin zagaye, aka yi ta murza makulli injin bai tashi ba, man da aka shafa wa tozon kam ya goge tun kafin wuta ta kama. Da ya tashi kuma, aka bar shi a silo ana neman inda fetur ke ɗiga. Na uku, baƙin man zamani aka zuba, wanda aka rage wa sinadarin zinki don kare matatar hayaƙin da ke cikin salansar sabbin motoci. Kam na tsohon yayi mai shimfiɗaɗɗen tafet, wato ƙarfen da ke zama a kan tozon kam, ba ya jure ko ɗaya daga cikinsu. Yawancin man da ke isa tozonsa feshi ne daga juyin karanshaf, a silo kuwa feshin ba ya isa. Kuma tilas kowane tafet ya riƙa juyawa a raminsa, wanda ya tsaya wuri ɗaya shi da tozon za su ci juna. Alamar tana fitowa a hankali: ƙas-ƙas a ƙarƙashin murfin bawul, a gyara ya dawo, sai injin ya fara atishawa ta kafireto. Da aka yanka filtar mai, takardar cikinta ƙyalli take yi da garin ƙarfe.

Alhaji mai shagon gyaran injin ne ya hana mu tafka kuskure na huɗu, wato canza kam kaɗai a rufe. Garin ƙarfen nan ya riga ya zaga duk inda mai ke bi. Ya sa aka kwance injin kaf, aka cire matosan hanyoyin mai, aka bi su da dogon buroshi da ruwan sabulu mai zafi har farin ƙyalle ya fito fes. Sabbin mital, sabon famfon mai, sabon kam da sabbin tafet 16. Ba a ɗora tsohon tafet a kan sabon kam ko da ido bai ga aibinsa ba. Bai karɓi kuɗin hannunsa na zagaye na biyu ba. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a.

Ga yadda aka tayar da shi karo na biyu, don amfanin mai niyya. An zuba man farawa mai yawan zinki. An juya famfon mai da injin huda ta ramin dilko har mai ya fito a kan dukkan rokoki 16 masu danna bawul. An toshe ramin filogi na ɗaya da babban yatsa, wato na gaba a gefen direba, ana juya injin da hannu har iska ta ture yatsan, sannan aka saka dilko yana kallon wayar lamba ɗaya. Jerin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, yana bin yadda hannun agogo ke juyawa. An cika kafireto da fetur tun kafin a taɓa makulli. Yana tashi aka kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, ana ɗan hawa ana sauka, har minti 25. Mutum ɗaya yana kan agogon mai, ɗaya yana kan na zafi, ɗaya riƙe da tukunyar kashe gobara, kuma a waje aka yi saboda hayaƙi. An canza mai da filta da zafinsu. Daga baya aka daidaita taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, digiri 12 a silo, 34 gaba ɗaya a juyi 3,000.

Maƙwabtan da suka sha wannan rugugi har sau biyu ba su kai ƙara ba, mun gode da haƙuri.

Yayanmu da ya duba birki ya cancanci tasa godiyar daban. Birkin Model A na sanduna ne, Ford bai koma birkin mai ba sai 1939. An sa faifai a gaba, ganga a baya, da mastan birki mai gida biyu don idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe. Amma mastan yana ƙarƙashin daɓen mota, ƙasa da birkin da ke jikin tayoyi, sai mai ya riƙa gangarowa baya idan mota ta kwana. Takun farko ya tafi ƙasa, na biyu ya kama. Maganinsa 'yan bawul biyu masu riƙe matsi, 2 psi a layin gaba, 10 psi a na baya. Ya kuma sa aka sake bakin kowane bututu na inci 3/16 da ninki biyu, domin mai ninki ɗaya tsagewa yake yi.

Sai girgizar sitiyari. A wajen mil 45 a awa, da tayar gaba ta taka rami sai gaban motar ya kama rawa har sai an rage gudu. Wani bawan Allah da ya daɗe yana haɗa irin motocin nan, kallo ɗaya ya yi mata daga gefe ya gano. An saita jinginar kinfin, wato ƙusar da tayar gaba ke juyawa a kai, zuwa baya da digiri 6 lokacin da shasi ke kwance daidai a kan teburi. Da aka sa manyan tayoyi a baya hancin motar ya sunkuya digiri 3, ya cinye rabin jinginar. An sake saitawa mota tana tsaye a kan tayoyinta, aka mayar da jinginar digiri 6, aka karkato bakin tayoyin ciki da inci 1/8, aka ƙara sandar da ke hana aksil zamewa gefe, a jere da sandar sitiyari. Rawar ta tafi. Da tsohuwar zuma ake magani. Haka ya yi wa furofela: giyabos TH350 ya sunkuya digiri 3, don haka hancin aksil ɗin baya, Ford mai inci 9, ya ɗaga digiri 3 su zama a jere da juna.

Mai gyaran bodi ya rage tsayin rufin da inci 3, bayan ya tokare cikin bodin da bututun ƙarfe don kada ƙofofi su ƙi rufuwa. Ya tura bangon gaban direba ciki don dilko ya sami wuri, tunda na Chevrolet a bayan injin yake. Tankin fetur na asali yana saman gwiwar direba, an bar shi fanko an sa sabo a baya, da abin rage matsin fetur zuwa 5.5 psi don kada kafireto ya yi ambaliya. Mai wayarin ya zare tsohon tsarin bolt 6 ya shimfiɗa na 12, kowane layi da fis ɗinsa, ya haɗa batir da injin da shasi da bodi da wayar ƙasa mai kauri. Mun gode muku duka.

Iyayenmu mata da matan gida da suka jure warin fenti da fetur, suka bar motocinsu a rana shekara biyu, suka ciyar da duk wanda ya zo taimako, Allah ya biya ku da Aljanna.

Saura ɗinkin kujeru da gilasan gefe. Dole a yanko su daga gilashi mai ninki da roba a tsakiya, don gasasshen gilashi ba ya yankuwa, tarwatsewa yake yi. Kayan aron da ke hannunmu, ƙugiyar ɗaga injin da sufanar auna ɗauri da fitilar taimin, an wanke su, za a kai wa kowa nasa gida kafin Juma'a in Allah ya yarda. Wanda muka ɓata wa rai cikin zafin aiki ya yafe mana.

Allah ya bar zumunci, ya tsare mu a kan hanya. Wassalam.