Godiya bayan aikin kafaɗa

Alhamdulillahi. An cire zaren ɗinki, na dawo gida, likita ya ce kafaɗar tana haɗewa yadda ake so. Da hannun hagu nake wannan rubutu kuma a gajiye nake, ku yi mini afuwa idan ban bi kowa da kowa ba.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne tsoron da ya kama ni da na farfaɗo. Na yi na yi yatsuna su motsa, suka ƙi. An riga an gaya mini allurar da aka yi mini a gefen wuya za ta kashe hannun na wasu sa'o'i, amma a lokacin duk ya fita daga kaina. A sana'armu ta wasa da 'yar tsanar da ake zura hannu a ciki, yatsu huɗu su ne saman bakinta, babban yatsa shi ne haɓarta. In suka tsaya, ta yi shiru ke nan. Yara suna ganinta tana dariya a talabijin, ba sa ganin mutumin da ke ƙasa a durƙushe, hannu sama da kai, ido a kan ƙaramin allo yana bin abin da kyamara ke ɗauka. Haka Caroll Spinney, wani Ba'amurke mai irin sana'armu, ya yi cikin rigar Big Bird, ƙaton tsuntsun shirin yara na Sesame Street, daga 1969 har 2018, hannun dama a miƙe cikin wuyan tsuntsun, allon ɗaure a ƙirjinsa. Ni tawa kafaɗar ba ta kai ko kusa da haka ba jijiya ta yage.

Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ce ta same ni ina hawaye. Ta jawo kujera ta zauna, ta sake yi mini bayanin allurar a hankali, ta ce a bakin 'yar tsanata 'yarta ta koyi ƙirga. Da asuba ta dawo da safa sabuwa, ta zura a hannun nan da ke cikin majanyi, ta ce, "To, a gaishe ni." Babban yatsa ya motsa. Ƙanwata mai jinya, kin ce kada in ambace ki, sunanki na riƙe, amma wannan ba zan iya ɓoyewa ba. Allah Ya raya miki yarinyar nan, Ya jiɓinci lamarinki kamar yadda kika jiɓinci nawa.

Ƙanena a sana'a, kai da ka daɗe kana riƙe hannun daman 'yar tsanar, ka karɓi kanta, ina aiko murya daga gado, yara ba su gane an yi canji ba. Allah Ya ɗaukaka ka. Mai yi mana ɗinki ta farke kan 'yar tsanar, ta rage soson ciki don ya yi mini sauƙin ɗauka. Uwargida, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Iyayen da suka aiko da zanen 'ya'yansu, duk na gani, duk na adana.

Akwai dangin da tun farko suke cewa wasan yara ba sana'a ba ce. Na sa ran ko a waya zan ji muryarsu. Ya yi mini ciwo, amma na yafe.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa abin da muke koya wa yara ya amfane su, Ya yi musu albarka. Likita ya hana ni ɗaga hannu sama da kai tukuna, sai mai gashin ƙashi ya ba da izini. Don Allah iyaye ku gaya wa yaran su ƙara haƙuri, muna nan tafe in sha Allahu.