Yawon Ƙafa a Tsohuwar Unguwar Jidda

A wurin yawancinmu Jidda masauki ce kawai, sai kuma sayen tsaraba. Mutum ya ratsa ta ƙofar Bab Makka, ya cika jaka, ya juya, bai ko ɗaga kai ya dubi gidajen da ke yi masa inuwa ba. Da na kammala umara sai na ware lokaci na taka Al-Balad da ƙafa, unguwar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Garin dai tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan yake zaman mashigar Makka ta teku. Ganuwarsa an rushe ta a 1947, masu hali suka yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwanni, aka bar tsofaffin gidajen a hannun 'yan haya.

Na fi daɗewa a gaban wani gida da yaɓensa ya zube, don a nan ne ginin ya nuna cikinsa. Dutsen murjani ne na Bahar Maliya, fari-fari, mai ramuka, ka goga yatsa gari ya biyo ka. Tsakanin jerin duwatsun an shimfiɗa katako a kwance, hawa-hawa, shi ke raba nauyi har gida ya kai bene huɗu ko biyar bai tsage ba. Sai tagogin katakon nan da ake kira rawashin, waɗanda suka turo kai bisa titi. Iska na shiga, rana ba ta shiga, na ciki yana ganin mai wucewa, mai wucewa ba ya ganinsa. Wanda ya ƙera su ya san zafin garinsa, ya kuma san darajar sutura.

Gidan Nasif ma na je, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce, ba tsayi, ana cewa har raƙumi kan hau da kaya. Yana da kyau ƙwarai, amma a ganina gidan da aka gyara tsaf ba ya koya maka rabin abin da wanda ya tsufa a tsaye ke koyarwa.

Abin da na fahimta shi ne shiga jerin UNESCO ba ya hana gida faɗuwa. Lungu ɗaya za ka ga an yi fenti an kunna fitilu, ka karya kwana ka tarar da bango an tokare shi da ƙarafa. Gumin teku na cin dutsen, gobara na cin katakon, gidan da ba kowa a ciki kuwa ba mai ganin yoyonsa. Gyaran ma sai wanda ya sani: in aka shafe murjani da siminti, damshi ya rasa mafita, dutsen ya ruɓe daga ciki. Shi ya sa masu gyara ke komawa ga farar ƙasa.

Mai niyyar zuwa ya bari sai bayan la'asar, ya sa takalmin da ba zai ci masa ƙafa ba, ya bar babban titin kasuwa ya kutsa unguwar Harat al-Mazlum, wajen Masallacin Shafi'i. Kuma kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton wata ƙofa, ya nemi izini, don mai yiwuwa akwai iyali a cikin gidan.