Inda na kai da hoton Andromeda daga Kubwa

'Yan'uwa masu harin sama da kyamara, ga inda aka kwana. A wannan duhun watan ne hannayen Andromeda, wato babban gungun taurarin nan (galaxy) mai hannaye a murɗe, suka fara fitowa a hotona, har da zanen ƙurar nan baƙi da ya kewaye tsakiyarta. Can baya dunƙulen haske kawai nake samu, kamar an ɗiga nono a baƙin zane.

Kayan aikin ba su canza ba: tsohuwar kyamara, gilashi mai milimita 135, da sanda mai ƙafa uku. Na'urar bin taurari sai dai a gani a hannun wasu. Ko da ma na mallake ta, tauraron arewa da ake saita ta da shi digiri 9 kacal ya ɗaga a Abuja, rufin maƙwabci ma ya isa ya tare shi. Don haka daƙiƙa 2 nake bai wa kowane hoto, in na wuce haka taurari su fara jan wutsiya. Sai dai a yi ta ɗauka, ɗari bisa ɗari, ana ɗan karkata kyamarar bayan 'yan mintuna, sannan manhajar Siril ta ɗora su kan juna. Ku riƙe lissafin: kafin yashi-yashin hoto ya ragu da rabi, sai kun ninka yawan hotunan sau 4. Abin da cin rai, amma haka yake.

Mu 'yan Kubwa mun ci sa'a guda. Andromeda a arewa take, ta wajen Bwari, hasken tsakiyar birni kuma yana bayanmu. A farkon Nuwamba wajen ƙarfe 10 na dare takan kai ƙololuwa, kusan digiri 58. Kada ku zuba kuɗi a gilashin tace haske saboda ita. Fitilun sola na yanzu farin haske suke bayarwa, irin wanda ita ma take bayarwa, in an tace ɗaya an tace ɗayan.

Raɓa ce ta fi wahalar da ni. Wajen sha ɗaya sai ka ga taurari sun kumbura a allo, ka haska gilashin ka tarar ya yi gumi. Yanzu kwali nake naɗewa a bakinsa, in ɗaure da kyauro.

Hasken nan shekara kusan miliyan 2.5 ya yi a hanya. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambaci Andromeda tun shekarar 964, ya ce ɗan gajimare ce, da ido kawai. Ni a tsakar gidanmu ko alamarta ban gani sai ta kyamara. M32 da M110, ƙananan gungun taurari biyu da ke maƙwabtaka da ita, su ma sun leƙo a gefenta.

Hunturu na tafe, hazo kuwa in ya sauka sai ya watsa hasken gari ko'ina. Duhun wata ɗaya ya rage mai kyau. Wanda ya iya cire ja-jan da ke ƙasan hoto ba tare da ya cinye gefen Andromeda ba, don Allah ya koya mini.