Yadda muka ɗora sabis na yanar gizo bisa tsohuwar manhajar RMI ta wani dilan taki a Sakkwato

Aikin da zan ba ku labari na wani babban dila ne na taki da maganin feshi nan cikin garin Sakkwato, yana da babban sito a gari da rassa a Illela da Tambuwal da Wurno. Manhajar da suke lissafin kaya da ita tsohuwa ce, da Java aka rubuta ta, kuma wanda ya rubuta ya yi amfani da RMI, fasahar da ta shigo Java tun 1997. Tsarin shi ne akwai objek, wato ɓangarorin manhajar, zaune bisa saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, a babban ofis, na Sito da na Rasit da na Kwastoma, kwamfutar reshe sai ta kira su kaman a cikinta suke, alhali kowane kira sai ya bi netwok ya tahi ya dawo. Cikin ofis guda inda waya ce ta haɗa kwamfutoci abin lafiya lau yake, amma daga Illela bakin iyakar Nijar, da modem, wallahi wahala ce tsantsa.

Alhaji ya ce min, "Injiniya, ni dai so nike yaran shago su riƙa aiki da wayoyinsu, in ga buhu nawa ya rage a Wurno ina zaune nan, amma kada ka ce a jefar da wagga manhaja, lissafina na shekara da shekaru yana ciki." Na ce ranka shi daɗe ba za a jefar ba, sabuwar ƙofa za mu yi mata.

Dole ce ta sa hakan, don Android ba ta da RMI sam, ko da kuwa da Java ka rubuta manhajar wayar. Sannan RMI ba ya shiri da intanet irin tamu. Rajistarshi, inda reshe ke fara neman objek, tana saurare a tashar 1099, wato lambar ƙofar da ake shiga saba ta netwok, amma shi objek ɗin in ba ka tsaida mishi tasha ba wata daban yake ɗauka duk sanda aka tada saba, ga shi adireshin da yake miƙa wa reshe na cikin gida ne wanda ba a gani daga waje, sai ka ga haɗuwar farko ta yi, kira na biyu ya maƙale. Ƙari bisa haka, in aka taɓa ajin Java guda, wato kod ɗin da ke tsara objek, a saba ana iya samun saɓani da na rassa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an sabunta.

Kayan aikin duk na buɗaɗɗen tushe muka ɗauka, ba kuɗin lasisi ko sisi: Ubuntu a saba, Apache CXF mai gina sabis ɗin bisa Tomcat mai gudanar da shi, Nginx a gaba yana karɓar kiran waje, PostgreSQL a matsayin rumbun bayanai, takardar tsaro kuma daga Let's Encrypt. Na zaɓi CXF ne don yana yin SOAP yana yin REST, hanyoyi biyu da manhajoji ke magana da juna ta yanar gizo, kuma mai duba lissafin Alhaji yana da manhajar da WSDL, takardar da ke bayyana ayyukan sabis na SOAP, kaɗai take fahimta, shi sai muka bar mishi SOAP, wayoyi kuma REST da JSON, tsarin rubuta saƙo mara nauyi, bisa HTTPS tunda XML ɗin da SOAP ke rubuta saƙo da shi yana da nauyi ga mai sayen data da kuɗin aljihunshi. Wanda zai yi irin wanga aiki ya sani tun Java 11, a 2018, an cire laburaren JAX-WS da JAXB da CORBA daga cikin JDK, wato kayan aikin Java, sai ka kawo su da kanka, in ba haka ba tsohon kod ba zai ma haɗu ba.

To a nan ne muka daɗe muna gardama da abokin aikina. CXF na iya ɗaukar ajin Java ya fitar maka da WSDL nan take, kowane aikin objek ya zama kira a yanar gizo, shi yana ganin mu yi haka mu huta. Ni kuwa na ƙi, kuma har yanzu ina bisa ra'ayina. Ku duba, tsohuwar manhajar in za ta rubuta rasit sai ta tambayi sunan kaya, ta koma ta tambayi farashi, ta koma ta tambayi saura, haka haka, a ce kira 6 ga kowane kaya, rasit mai kaya 20 ya zama kira 120, in kowane kira ya ci rabin daƙiƙa minti guda ke nan manomi na tsaye da kuɗi a hannu lokacin damina da layi ya kai bakin titi. Kaman ka aiki yaro Tsohuwar Kasuwa ne ya tambayo kuɗin gishiri ya dawo, ka sake aikenshi ya tambayo na barkono, maimakon ka rubuta mishi komai a takarda guda. Sauya RMI da HTTP ba zai gyara wanga ba in yawan kiran bai ragu ba. Sai muka yi ayyuka kaɗan masu ɗaukar kaya da yawa: karɓi rasit gaba ɗayanshi, ba ni jerin kaya da farashin reshe, ba ni abin da ya canza tun lamba kaza. Objek ɗin suna nan a ciki, sabis ɗin ne ke kiransu bisa inji guda inda kira ba ya da tsada.

Abin da ya fi cin raina kuma shi ne rasit da ya isa saba amma amsa ta ɓace a hanya. Waya ba ta da yadda za ta san ko saƙon ya kai ko bai kai ba, yaron shago ya ga abu na juyawa sai ya sake dannawa, sito ya cire buhu 50 sau biyu, kuma ranar ƙidaya shi za a tuhuma da sata alhali bai ɗauki komai ba. Wanga ba sabon ciwo ba ne, tun 1994 injiniyoyin Sun, kamfanin da ya ƙirƙiro Java, suka rubuta cewa jinkiri da lalacewar wani sashe yayin da sauran ke aiki su ne suka raba kiran nesa da na kusa, kuma ba a ɓoye su da dabara. Maganin da muka yi, waya ce ke ƙirƙirar lambar UUID, lamba ta musamman da ba ta maimaituwa, ga kowane rasit tun kafin ta tura, a PostgreSQL kuma muka hana lamba guda shiga sau biyu, in ta sake zuwa saba ta mayar da amsar farko ba tare da ta taɓa sito ba. Rasit ɗin kuma yana fara zama cikin SQLite, ƙaramin rumbun bayanai, a wayar, a buga wa manomi takardarshi ya tahi, in netwok ya dawo layin rasitocin da ke jira ya tura kanshi. Duk wanda ke jihar nan a 2021 da aka rufe layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro ya san ba tsoron banza ne ya sa muka yi haka ba.

Amma aiki ba netwok yana da nashi sharaɗi, dole kowane reshe ya sayar daga kason da aka ba shi kawai. Ɗaukar kaya daga wani sito zuwa wani sai da netwok, kuma kowane lissafin kaya yana da lambar sigarshi, in ka turo gyara bisa tsohuwar siga saba ta ba ka 409, lambar da ke nufin an samu saɓani, ka sake karantawa. Agogon waya ma ba mu yarda da shi ba, wasu wayoyin kwanan watansu ba daidai yake ba, saba ce ke jera komai da nata lambobin.

Ta fannin tsaro mun rufe tashar 1099 ta RMI daga waje gaba ɗaya, don tun 2015 aka nuna yadda ake shiga saba ta hanyar turo mata gurɓataccen objek na Java. Kayan kyauta ma suna son kulawa, a Disambar 2021 da matsalar tsaro ta Log4j, wani laburaren Java, ta fito sai da muka bi laburaren da ke cikin aikin ɗaya bayan ɗaya muna dubawa. Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi, mun sa ta sabunta kanta, amma saba tana cikin ofis bisa sola da inbata, da zahin watan Afrilu sai an lura da ita sosai, shi ya sa na sa wani ƙaramin inji a wajen ofis yana taɓa ta lokaci-lokaci, in ta yi shiru ya turo min saƙo.

Yanzu abin da ya rage shi ne kwamfutocin babban ofis da har yau ke magana da RMI kai tsaye, muna mayar da su bisa sabis ɗin shafi-shafi, mun faro da na karɓar kaya daga tirela tunda shi ya fi sauƙi, na bashin manyan kwastomomi kuwa Alhaji ya ce kada a taɓa sai bayan an gama cinikin damina.