Gidan da muka saya a bakin gari

Shekarar da ƙaramar hukumarmu ta yanke shawarar sayen gida don kula da masu larurar taɓin hankali, ina cikin waɗanda aka ɗora wa nauyin nemo gidan. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko. Na fi shekara goma ina allurar rigakafi da duba masu zazzaɓi, kuma a lokacin ban daɗe da dawowa daga horo kan shirin mhGAP ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin irinmu da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba mu iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da rikicewar hankali, mu fara ba da magani tun daga ƙauye.

Gidaje biyu muka kawo gaban ciyaman. Ɗaya ƙarami ne, jikin asibitin sha-ka-tafi, kusa da kasuwa. Ɗayan kuma makeken gida ne a bakin gari, mai katanga da rijiya da itatuwan darbejiya, kuɗinsa ma bai kai na ƙaramin ba. Da aka nemi ra'ayina sai na ce, "Ranka ya daɗe, masu wannan larura wuri shiru suke buƙata." Har zuciyata abin da na yi imani da shi ke nan. Aka sayi na bakin gari, aka yi fenti, aka kafa allo mai manyan haruffa, aka yi taron buɗewa.

Watannin farko ranaku da dama muna wuni ba mu ga mutum uku ba. Alhali na san gidajen da ake ɗaure da mutum a ɗakin baya, na san matan da suka haihu suka daina barci suka daina magana, na san samarin da tiramadol ya lalata. Ba a jima ba 'yan acaɓa suka raɗa wa wurin suna, gidan mahaukata. Duk wanda ya tsaya a tasha ya ce a kai shi can, kafin la'asar unguwarsu ta ji.

Wata dattijuwa ce ta buɗe mini ido. Ɗanta yana da farfaɗiya, na bi ta har gida ina tambayar abin da ya hana ta kawo shi. Na ce, "Iya, maganin nan ba shi da tsada, kuma in yana sha kullum faɗuwar za ta ragu ƙwarai." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina da 'yan mata uku a ɗaki. Ranar da aka ga ƙafata a ƙofar gidanku, wa zai zo neman aurensu?" Na rasa amsa. Na yi lissafin yawan ɗakuna da kuɗin gyaran rufi, ban taɓa lissafa abin da shiga ƙofar zai jawo wa uwa irinta ba. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, domin ba a barin mara lafiya irin wannan ya tafi shi kaɗai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an riga mu gane wannan tun kafin a haife ni. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa da zai zauna da shi, da rana su je a duba su, da yamma su koma cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Mu kuwa, bayan shekaru masu yawa, sai muka koma tunanin ware mutane a bayan katanga, irin tunanin tsohuwar dokar 1958 wadda sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta.

Da labarin Rigasa ya fito a Satumban 2019, inda 'yan sanda a Kaduna suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa da ake kai mutane da sunan gyaran tarbiyya, da yawansu da mari a ƙafa, mutane sun zagi iyayen da suka kai 'ya'yansu. Ni ban iya zaginsu ba. Uban da ɗansa ya rikice, in yana nesa da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware ko Maiduguri, kuma wurin da ke kusa da shi abin kunya ne a gan shi a can, to inda aka ce masa za a rufa masa asiri zai nufa.

Na koma wurin shugaban sashenmu na faɗa masa shawarata ce ba ta yi daidai ba. Ba a sayar da gidan ba, ba kuma a sayi wani ba. Ɗaki ɗaya muka roƙa a asibitin sha-ka-tafi, muka sa ranar duba marasa lafiyarmu ta dace da ranar kasuwa. Babu allo. Kati iri ɗaya ne da na kowa, benci ɗaya da masu hawan jini da masu awon ciki. Mai zuwa karɓar fenobabiton na farfaɗiya ko amitiriftilin na ciwon damuwa, babu mai sanin abin da ya kawo shi. Muka kuma zagaya wurin limamai da malamai masu ruƙiyya, ba don mu hana su aikinsu ba. Roƙonmu kawai shi ne in sun ga mutum ya kwana uku bai runtsa ba, ko yana faɗin zai hallaka kansa, su turo mana shi, addu'a na tafiya magani na tafiya. Wasu sun ƙi. Da yawa sun yarda, kuma ta hannunsu muka fi samun mutane.

Gidan bakin gari bai tashi a banza ba. Can muke ajiyar magani, can muke horar da sababbin ma'aikata, can kuma iyali ke kwana biyu da mara lafiyar da ya tsananta kafin a samu motar kai shi babban asibiti. Sai dai har yau ciwon da ke raina shi ne an fitar da kuɗin gida a zama ɗaya, kuɗin magani kuwa duk wata sai mun bi ofis-ofis, kuma wanda maganinsa ya yanke na mako biyu yakan koma inda ya fito.

Dattijuwar nan ta zo a ranar kasuwa ta uku bayan mun koma ɗakin. Ta ajiye kwandon kuɓewarta a bakin ƙofa, ta zauna a benci tsakanin mata masu goyo, ɗanta na gefenta riƙe da kati.